Komawa Kiwon Kifi da Sauya Tanki: Darasin Masu Kiwon Murjani ga Manoman Ikara, Maƙarfi da Kudan

Kiwon kifi a cikin tanki yana daga cikin sana'o'in da ake shiga da ɗoki, a fita da asara, sannan bayan 'yan shekaru a sake waiwayarsu da niyyar gyara abin da ya ɓaci a karon farko. A ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan, waɗanda ke arewacin Jihar Kaduna a ƙasar Zazzau, inda aka fi sanin jama'a da noman rake da masara da tumatir da barkono, akan tarar da tankin kankare a bayan gida ya bushe, an mayar da shi ma'ajiyar itace ko buhunan taki, alhali mai shi yana nan da burin komawa, kuma galibi yana ganin cewa idan ya gina tankin da ya fi na da girma, ribar da ta kuɓuce masa za ta dawo. Wannan tunani yana da ƙamshin gaskiya amma bai cika ba, domin ruwan da ke cikin tanki shi ne ke raya kifi ko ya kashe shi, kuma babu waɗanda suka laƙanci wannan al'amari kamar masu kiwon murjani da kifin teku a cikin akwatin gilashi, waɗanda sha'awarsu ta tilasta musu sanin halin ruwa fiye da kowane mai kiwo.

Murjani da akwatin gilashi

Hausawa sun daɗe da sanin murjani a matsayin jan dutsen ado da mata ke ɗaurawa a wuya da hannu, wanda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi daga gaɓar Bahar Rum, sai dai ba kowa ya san cewa asalinsa halitta ce mai rai ba. Murjani taron ƙananan dabbobin teku ne masu taushin jiki, waɗanda kowannensu yake gina wa kansa gida na sinadarin alli da yake tsotsa daga ruwa, kuma idan miliyoyinsu suka yi ta gini a kan gidajen magabatansu na tsawon dubban shekaru, sai a sami tsaunuka a ƙarƙashin teku, irin wanda ya miƙe kimanin kilomita 2,300 a gaɓar Ostareliya, ko waɗanda ke cikin Bahar Maliya daura da Jidda, inda alhazai ke sauka. Waɗannan tsaunuka ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a jikinsu suke samun abinci da mafaka. A cikin naman mafi yawan murjani mai gina tsauni akwai wasu ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, waɗanda suke haɗa abinci da hasken rana su ciyar da shi, shi ya sa yake buƙatar ruwa garau mai ɗumi wanda haske ke ratsawa, kuma shi ya sa gaɓar tekun Nijeriya ba ta da irin waɗannan tsaunuka, saboda laka da ruwan daɗi da Kogin Kwara da sauran koguna ke kwararawa a cikinta.

Tun a ƙarni na 19 Turawa suka fara gwada raya waɗannan halittu a cikin gida. A shekarar 1846 wata mata mai suna Anna Thynne ta ɗauko murjani daga gaɓar tekun Ingila ta kai shi Landan, ta raya shi na tsawon shekaru a cikin kwanukan gilashi, ta hanyar sa a riƙa sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan domin iska ta shige shi, sannan a 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a a gidan namun dajin Landan, da taimakon masanin halittu Philip Henry Gosse. A shekarun 1970 masu wannan sha'awa a birnin Balin na Jamus suka fito da tsarin da har yau ake bi, wanda ya dogara da haske mai ƙarfi, da na'urar da ke tsame datti ta hanyar kumfa, da kuma duwatsun teku masu ramuka waɗanda ƙwayoyin halitta masu amfani suka riga suka zauna a cikinsu. Mai irin wannan akwati dole ne ya tsare gishirin ruwansa a kan kimanin giram 35 a kowace lita, ya tsare ɗuminsa tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salsiyos, ya riƙa auna sinadarin allin da murjani ke ci yana mayar masa da gurbinsa, kuma idan ruwa ya ragu saboda tururi sai ya cika da ruwan daɗi tatacce, tunda gishiri ba ya bin tururi ya tashi. Ɗaukewar wutar lantarki ta 'yan sa'o'i kan iya hallaka abin da aka yi shekaru ana reno, don haka wannan sha'awa ba ta yaɗu ba a ƙasar Hausa, inda teku ke da nisan ɗaruruwan kilomitoci kuma wuta ba ta da tabbas, amma ilimin da ta haifar yana da amfani kai tsaye ga mai kiwon tarwada a Hunƙuyi ko Paki ko Gubuchi.

Abin da ido ba ya gani a cikin ruwa

Kowane kifi, na teku ne ko na kogi, yana fitar da wani sinadari mai guba da ake kira amoniya ta cikin matatar numfashinsa, haka kuma kashinsa da ragowar abincin da ya nutse suna ruɓewa su ƙara yawan wannan guba. A cikin kogi ko babban tafki yawan ruwa yana tsarma ta har ta zama ba ta da illa, amma a cikin tanki ba ta da wurin zuwa, sai dai ta taru. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda suke manne wa jikin duwatsu da bango da kayan tace ruwa, da ke juya amoniya ta koma wani sinadari mai suna naitirayit, wanda shi ma guba ne domin yana hana jinin kifi ɗaukar iskar oksijin, sannan wani rukuni na bakteriyar ya juya naitirayit ya koma naitiret, wanda ba shi da illa sosai kuma taki ne ga shuka. Waɗannan ƙwayoyi ba sa yawaita dare ɗaya, domin sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kai adadin da zai iya cinye dattin kifin da ke cikin tanki, kuma a wannan tsakanin ne mafi yawan sababbin masu kiwo suke yin asararsu ta farko.

Gubar amoniya tana ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi, haka nan idan ya karkata zuwa ga ɗabi'ar kanwa a ma'aunin da masana ke kira pH, wato ma'aunin da ke nuna ko ruwa ya yi tsami ko ya yi kanwa-kanwa, wanda lamba 7 ce tsakiyarsa. Alamomin lalacewar ruwa ba ɓoyayyu ba ne ga mai lura. Idan da asuba aka ga tarwada ta taso ta tsaya a tsaye a saman ruwa, gashin bakinta a waje, ba ta motsi sai an taɓa ruwan, ko aka watsa abinci ta ƙi yin rububin da ta saba, ko aka ga kumfa mai yauƙi ta taru a kusurwa tana wari, to saƙo ya iso cewa a sauya ruwa a kuma dakatar da ciyarwa, domin ruwa ba ya tsami banza.

Yadda masu murjani suke sauya akwati

Wanda ya bar kiwon murjani na wasu shekaru sannan ya dawo yakan tarar abubuwa sun sauya, domin fitilu masu zafi da cin wuta da ake amfani da su a da sun ba da wuri ga ƙananan fitilun zamani masu tsimin wuta, kuma murjanin da ake sayarwa yanzu da yawansa a gonakin ruwa aka rene shi daga ɓallin wani, tunda cinikin murjani mai dutse tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar kare halittun da ke fuskantar barazana. Abin da bai sauya ba shi ne ƙa'idar sauya akwati. Gogaggu sun yarda cewa babban akwati ya fi ƙarami sauƙin riƙewa, saboda ruwa mai yawa ba ya saurin yin zafi ko sanyi kuma guba ba ta saurin cika shi, amma sun san cewa wannan falala tana ɓacewa da zarar an cika shi da kifi fiye da ƙima. Saboda haka sukan fara da auna ƙarfin daɓen da za a ɗora shi, tunda kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, sannan su kwaso tsofaffin duwatsu da kayan tacewa a jiƙe su sa a sabon akwati ba tare da sun wanke su da ruwan famfo ba, domin sinadarin kulorin da ke cikinsa yana kashe bakteriyar da ake so a ƙaura da ita. Bayan haka sukan zuba kifi kaɗan-kaɗan a cikin makonni, su killace kowane sabon kifi a wani ƙaramin akwati na mako biyu zuwa huɗu kafin ya haɗu da sauran, su kuma rubuta sakamakon kowane awo a littafi.

Tarwada da dalilan da suka kori masu kiwonta

Kiwon kifi na zamani a Nijeriya ya samo tushe ne a farkon shekarun 1950, lokacin da aka kafa gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato, daga baya kuma aka sami cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, kusa da madatsar ruwa ta Kainji. Kifin da ya ɗaga sana'ar shi ne tarwada, tare da 'yar uwarta ramboshi da kuma ruwa-biyun da ake samu idan an haɗa su, har Nijeriya ta zama ƙasar da ta fi kowace noman tarwada a Afirka, kuma ta biyu a kiwon kifi a nahiyar bayan Masar. Duk da haka abin da ake samarwa a cikin gida bai kai rabin abin da jama'a ke buƙata ba, sai an cike giɓin da daskararren kifin da ake shigowa da shi daga waje, wanda ke nuna cewa kasuwa tana nan ga wanda ya iya riƙon sana'ar.

Tarwada tana da wata gaɓa a bayan matatar numfashinta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye daga sama, shi ya sa take jure cunkoso da gurɓataccen ruwan da zai kashe karfasa, kuma wannan juriya ita ce take yaudarar mai kiwo, domin kifin da bai mutu ba yana iya daina girma yana ta cin abinci a banza. Abinci kuwa shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kiwon, kuma tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, farashinsa da na man janareton tura ruwa suka yi tashin gwauron zabo, har masu kiwo da dama suka rufe tankunansu. Wasu kuma ambaliya ce ta kore su, kamar ta 2012 da ta 2022 da suka kwashe kifi daga kududdufai a sassan ƙasar nan, wasu kuwa sun faɗa hannun masu ƙyanƙyasa marasa amana da suka sayar musu da tsumburarrun 'ya'yan kifi. Wajibi ne mai niyyar komawa ya tantance wanne ne daga cikin waɗannan ya kayar da shi, domin tanki komai girmansa ba ya maganin tsadar abinci ko mugun iri.

Zaɓen tanki da shirya shi

Kududdufin ƙasa, wanda ake haƙawa a fadama mai yumɓu, shi ne mafi arha idan aka dubi yawan ruwan da yake ɗauka, kuma kifi yana samun ƙarin abinci daga ƙananan halittun da ke cikinsa, sai dai yana fuskantar ambaliyar watan Agusta da Satumba, da guza da tsuntsaye da ɓarayi, uwa-uba kuma maganin feshin da ruwan sama ke wankowa daga gonakin tumatir da barkono na kusa, wanda kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe kifin kududdufi guda. Tankin tamfol da na roba suna da sauƙin kafawa da ɗaukewa, don haka sun dace da ɗan haya ko mai son gwaji da ƙaramin jari, amma ruwansu yana saurin ɗaukar zafin rana da sanyin dare idan ba a yi musu rumfa ba. Tankin kankare shi ne mafi ƙarko, kuma shi ne burin mafi yawan masu son ɗaga matsayin kiwonsu, sai dai a nan ne aka fi yin kuskure.

Tankin da ya amsa sunansa ana yi masa daɓe mai gangara zuwa wajen magudana, domin datti ya tattaru ya fita da kansa idan an buɗe bututu, a shafe bangonsa ya yi sumul saboda tarwada ba ta da ɓawo kuma kaushin siminti yana yi mata rauni, sannan a rufe samansa da raga tunda tana tsalle idan ta ji sabon ruwa. Tanki mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2, wanda ruwa ya kai zurfin mita 1 a cikinsa, yana ɗaukar lita 6,000, kuma da wannan lissafi ne ya kamata mutum ya tambayi kansa ko rijiyarsa za ta iya sabunta rabin wannan ruwa a rana a watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ja baya. Sabon siminti yana fitar da sinadarin da ke mayar da ruwa kanwa-kanwa, wanda ke ƙona fatar kifi ya kuma ƙara wa amoniya dafi, saboda haka ana cika sabon tanki da ruwa a bar shi ya jiƙu mako ɗaya zuwa biyu, wasu su zuba busasshiyar ciyawa ko kututturen ayaba a ciki, sannan a zubar a wanke sosai, a sake cikawa, a gwada da kifi kaɗan na kwana biyu ko uku kafin a zuba sauran. Ya fi alheri a gina matsakaitan tankuna biyu ko uku a maimakon ƙato guda ɗaya, domin tarwada tana cin 'yar uwarta, kuma dole ne duk bayan mako biyu a farkon kiwo a ware waɗanda suka yi zarra a girma daga ƙananan, ga shi kuma idan cuta ta shiga tanki ɗaya sauran za su tsira.

Ranar ƙaura da kifi ita ma tana da ladubbanta. Ana hana su abinci na yini guda kafin a taɓa su, a yi aikin da sanyin safiya ko da yamma, a riƙa haɗa ruwan tsohon tanki da na sabo a hankali har ɗuminsu ya daidaita, sannan a jira sai washegari a fara ciyar da su da ɗan kaɗan.

Ruwa da yanayin arewacin Zazzau

Tarwada ta fi girma idan ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 26 zuwa 30, alhali a wannan yanki sanyin dare a watan Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15, kuma a irin wannan lokaci kifi yana rage ci, 'ya'yan kifi kuma suna mutuwa da yawa. Mai hikima yakan tsara kiwonsa ta yadda hunturu zai tarar da kifinsa sun yi ƙwari, ko ya lulluɓe tanki da leda da dare, ya jinkirta ciyarwar safe har rana ta ɗaga. A watan Maris da Afrilu kuwa zafi ne ke rage iskar da ke cikin ruwa ya kuma hanzarta ruɓewar datti, don haka inuwa da yawan sauya ruwa suke zama dole.

Ruwan rijiyar burtsatse yana da tsabta daga cututtuka, amma yana fitowa da ƙarancin iskar oksijin, wani lokaci kuma da sinadarin ƙarfe wanda ke mayar da shi ja idan ya sha iska, saboda haka ana fara tara shi a tankin sama, sannan a sake shi ta bututu mai huji ya riƙa zuba kamar yayyafi. Ruwan famfo yana buƙatar ya kwana a buɗe domin kulorin ya fice. Famfon tura ruwa mai aiki da hasken rana, wanda manoman rani suka fara runguma, yana rage dogaro da fetur, kuma sau da yawa sayensa ya fi ƙara tanki amfani. Akwai kuma wata dama da manoman wannan yanki suke da ita wadda mai kiwo a tsakiyar birni ba shi da ita, wato ruwan da aka zubar daga tanki taki ne mai kyau, wanda idan aka ja shi zuwa fegin alayyafo ko albasa ko rake zai rage kuɗin takin zamani, ya kuma kawar da rigimar da wari da kwata ke haddasawa tsakanin maƙwabta.

Lissafi kafin gini

Da abinci mai inganci, tarwada tana cin kilo 1 zuwa kilo 1.3 kafin ta ƙara kilo ɗaya na nama, wanda ke nufin cewa kifi 1,000 da ake son kowanne ya kai kilo guda za su ci kimanin buhu 67 zuwa 87 na abinci mai nauyin kilo 15, a cikin wata huɗu zuwa shida, kuma mafi yawan wannan ci yana zuwa ne a watanni biyun ƙarshe, daidai lokacin da aljihun mai kiwo ya yi rauni. Wanda ya zuba duk jarinsa a bulo da siminti yakan wayi gari da kyakkyawan tanki da kifi masu yunwa, sai ya sayar wa dillalai a farashin da suka ga dama, alhali da ruwan ciki ake jan na rijiya. Masara da waken suya da ake nomawa a Ikara da Maƙarfi da Kudan su ne ginshiƙin abincin kifi, don haka haɗa shi a gida yana iya rage tsada ga manyan kifi, muddin an gasa waken suyan kafin a niƙa, an kuma bi ma'aunin da masana suka tsara, kuma irin wannan shawara ba ta da nisa, tunda cibiyar wayar da kan manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan a Samaru ta Zariya. Sanin mai saye tun kafin a zuba kifi, da koyon yin banda domin kada kifi ya zama dole a rabu da shi rana ɗaya, suna daga cikin abubuwan da ke raba mai riba da mai asara.

Mai komawa wannan sana'a yana da abin da sabon shiga ba shi da shi, wato ya riga ya ga yadda kifi ke mutuwa da yadda kuɗi ke ƙarewa, kuma wannan sani yana zama jari ne kawai idan ya sa shi ya fara da adadin kifin da zai iya ciyarwa har ƙarshe, ya mallaki ɗan kayan awon ruwa da littafin rubuta abin da ya kashe da abin da ya mutu, ya kammala zagaye ɗaya ko biyu a tsohon tankinsa da riba a hannu. Daga cikin wannan riba ce ya kamata kuɗin sabon tanki ya fito, bayan an tabbatar cewa ruwan da za a zuba masa da abincin kifin da za su zauna a cikinsa duk suna nan a tanade.